JIRGI MAI FAƊIN ƘOFA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da asuba wai na yi musu rowa jiya, na gani. Ke kuma da kika ce in Kent ya sake ɓata wa Renae rai kin daina karantawa, gyara zama. Ki gama wannan tukuna sannan ki yanke masa hukunci.

*

Renae Sorvig ba ta tsaya neman wurin ajiye mota ba. Har bakin ruwa ta kai a-kori-kurarta, ta taka birki tsakuwa na tashi, ta diro. Ta buɗe baya ta sauko da keken mahaifinta, babu kowa a kai, ta ware shi ta shiga turawa a kan gadar katakon da ta miƙe cikin tafki, tayoyin na ƙwaras-ƙwaras a tsakanin katakai.

Wally Kuehn, mai sayar da jiragen ruwa, yana tsaye a can ƙarshen gadar da kofi a hannu. Yana hango ta da keken nan ya sha jinin jikinsa.

"Ah, Renae. Yau iskar nan da ɗan cizo, ko?"

"Da cizo. Ina suke?"

"Ai ga su nan a gabanki."

Ga su nan kuwa, an ɗaure su kafaɗa da kafaɗa, goshinsu na taɓa gada. Fantun ne guda biyu, irin jiragen nan masu shimfiɗaɗɗen dandamali a kan dogayen tankuna biyu, da shinge a kewaye, waɗanda iyali ke hawa kaka da jika su yini a kan ruwa. Launi ɗaya, tsawo ɗaya, rumfa iri ɗaya, kamar an tsaga kara. Sai ka matso za ka ga bambancin. Na dama ƙofar goshinsa na da faɗi, filin gabansa fayau. Na hagu ƙofarsa 'yar siririya ce, an cika gabansa da kujerun kushin, ga ƙaton inji a baya.

A jikin na hagun an ɗaura jan ƙyalle, alamar an riga an kama shi.

Yayanta Kent na zaune a kujerar tuƙin na hagun, ya ja hula har gira. Matarsa Jolene tana ta shafa kushin tana murmushi.

"Renae! Zo ki zauna ki ji laushi, kamar gadon otal."

"Na gode, Jolene. Ba zama ya kawo ni ba."

Ba zama ba ne kam. Tun lokacin kaka ɓarin jikin mahaifinsu Arvid ya shanye, mutumin da tun yana ɗan yaro bai taɓa fashin ranar buɗe kamun kifi ba. Tsohon kwale-kwalensu ba ya ɗaukar keke, shi ya sa 'ya'yan biyu suka haɗa kai za su sayi fantun. Ƙanƙarar tafki ta narke, ranar buɗewa ta matso, Renae kuwa ta ci alwashi ko ana ha-maza-ha-mata Baba zai jefa ƙugiyarsa a ruwa a wannan Asabar ɗin. Sai da safen nan take jin wai Kent ya zagaya ta baya ya kama na hagu.

Ta saita keken da ƙofar na hagun, ta tura.

Ƙarfe ya daki ƙarfe.

Ta ja baya, ta ɗan karkata shi, ta sake turawa. Ya sake cijewa, tayoyin biyu suka kama bakin ƙofa gam.

 Ta janye shi, ta nufi na dama, ta tura da hannu ɗaya. Keken ya shige sumul, ta juya shi a tsakiyar dandamali, ta sake juyawa, sannan ta ɗago ta dubi yayanta.

"Gani ya kori ji."

"Kin gama wasan kwaikwayon?" in ji Kent.

"Ko farawa ban yi ba. Wa ya ba ka izinin ɗaura ƙyallen nan?"

"Izini? Ni ne babba, Renae."

"Babba a cin abinci. Jirgin na mu biyu ne, kuma don mutum ɗaya muka ce za mu saya."

"Na iyali ne gaba ɗaya. Yara na son inji mai ƙarfi, a riƙa jan su a kan tayar roba."

"Waɗanne yara? Ƙaramin naka gemu gare shi, Kent."

Jolene ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Wally ya leƙa cikin kofinsa kamar ya ga ƙuda.

"To, bari in je ofis in duba... wani abu," ya ce, ya fara ja da baya.

Mu nan haka muke. Mutumin arewacin Minnesota gara ya faɗa ramin ƙanƙara da ya tsaya inda 'yan'uwa ke cacar baki. Kafin ka ce kwabo Wally ya kai tsakiyar gada.

"Na tambayi Baba," in ji Kent. "Ya ce duk wanda aka saya daidai ne."

"Baba ka tambaya? Mutumin da ko gidansa ke cin wuta, in ka ce yaya, zai ce da sauƙi, dama ana sanyi?"

"Abin da ya faɗa ke nan."

"Kai kuma ka riƙe, don ya yi daidai da son ranka. Ka dube ni da kyau. Ni ke masa wanka. Ni ke yanka masa nama a faranti. Duk tsawon hunturun nan mutumin nan bai yi dariya ba, sai ranar da na nuna masa hoton jirgin can na ce Baba, kekenka zai shiga. Ranar ya cinye abincinsa tas. Kai kana ina? Kana zuwa ranar Lahadi, ka share masa dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ka tsaya a taga ka ɗaga hannu ka tafi. Ko zama ba ka iya yi a gabansa."

Kent ya kau da kai wajen ruwa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Mai son kai kawai," ta ce. "Da Mama na raye da ba ka isa ba."

"Jolene," ya ce a hankali, "je ki taya Wally duba abin da yake dubawa."

"Amma ai ni..."

"Don Allah."

Jolene ta dubi mijinta, ta dubi Renae, ta ɗauki jakarta ta fice. Suka bi ta da ido har ta hau tudu. Babu abin da ake ji sai ruwa na dukan tankunan.

Kent ya taso, ya tsallako cikin na dama. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar goshi, ya buɗe ta, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kin gwada shigar da keken," ya ce. "Kin gwada fitar da shi?"

"Me kake nufi?"

"Ƙofar da ta shigar da shi ita za ta fitar da shi. A tsakiyar tafki ma haka take buɗewa."

"Ka yi min magana sosai, Kent, ba na son kwana-kwana."

Ya cire hular, ya murza ta a hannu. Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame, idanunsa sun faɗa.

"A asibiti ne. Kin sauka sayo kofi. Ya kama hannuna da mai lafiyar, ya ce in matso. Ya ce, Kent, in bazara ta zo ka samo jirgi mai faɗin ƙofa. Ka kai ni wajen duwatsun nan, inda muke zama da uwarku, wurin mai zurfi. Ka juya baya kana sa wa ƙugiya matsattsaku. Ya ce sauran aikin shi zai yi da kansa."

Renae ta ji kamar an zare mata ƙashin baya. Ta laluba ta kama hannun keken.

"Ƙarya kake."

"Ina ma."

"Magani ne. Lokacin suna ɗirka masa magunguna, bai san abin da yake faɗa ba."

"Ya maimaita min ranar Kirsimeti, kina kicin kina wanke-wanke. Garau yake. Ya ce yarinyar nan ta bar aikinta, ta bar gidanta, tana goge wa ƙato jiki. Ya ce shi bai taɓa zama wa kowa nauyi ba, ba zai fara yanzu ba."

Nauyi. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san babu kalmar da ta fi wannan ɗaci a bakin tsofaffinmu. Mutanen da yankan kek na ƙarshe a faranti sai su yi ta raba shi biyu har ya zama ɓurɓushi, don kada a ce wane ya cinye. Ka yi musu komai su yafe, amma kada ka bari su ga kana wahala dominsu.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar da ta nuna masa hoton nan Baba ya dage da motsa jiki. Kullum yana tura kekensa da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya daga falo zuwa ƙofar kicin, yana zufa, ya ƙi a taimaka masa. Ya koyi sakin birki da kansa. Ita da kanta ta sayo masa safar hannu ta fata don kada tayar ta ci masa tafi. Tana tsaye tana tafa masa, tana cewa yauwa Baba, ƙara ƙarfi.

Ta durƙusa a kan dandamalin. Kuka ya zo mata har wuya, ta danne shi da ƙarfi.

"Kai me ka ce masa?"

Kent ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"Kent. Mahaifinka ya faɗa maka wannan maganar. Me ka amsa?"

"Na ce masa... na ce an ce za a yi dusar ƙanƙara ranar Alhamis."

Ta ɗago ta zuba masa ido.

"Shi kuma ya ce ai da alama," in ji Kent. "Shi ke nan. Ba mu sake tayar da ita ba. Ta ina zan fara, Renae? Ba na iya zama a gabansa don ina tsoron ya tambaye ni ko na samo. Na ce in na sayi mai ƙaramar ƙofa maganar ta mutu da kanta. Gara ki kira ni mai son kai har in mutu da ki ji wannan."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, duka a lokaci ɗaya. Wata da watanni ƙaton nan yana yawo da dutse a ƙirji shi kaɗai, kuma duk dabarar da ya iya yi ita ce ya sayi kushin.

Ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu. Ta ɗaga murya har tudu.

"Wally!"

Kan Wally ya leƙo daga ƙofar ofis.

"Zo ka kwance jan ƙyallen nan. A na dama za ka ɗaura."

Kent ya cafke damtsenta. "Kin haukace? Ba ki ji abin da na faɗa ba?"

"Na ji sarai. Sake ni."

"Za ki kai shi da hannunki?"

"Wa ya kafa gadarmu a ruwa ranar Asabar da ta wuce?"

"Ni. Me ya kawo..."

"Ƙofa gare ta? Shinge gare ta? Daga barandar gida zuwa ƙarshenta gangara ce, ka sani. Ka hana shi jirgi, to. Gadar fa? Tafkin ma za ka naɗe ka kai gareji?"

Hannunsa ya saki da kansa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ɓoye-ɓoyen nan ne zai kashe shi, ba ƙofa ba," ta ce. "Yau za a yi maganar da baki."

"Renae, ba a yi wa Baba irin wannan maganar."

"Yau za a fara."

Ta tura keken ta fita, ta wuce Wally a kan gada yana tsaye da baki buɗe, bai san wane jirgi zai nufa ba.

*

Gidan katakon nasu na bakin tafki ne, a ƙarshen wata 'yar hanyar tsakuwa mai itatuwa. Kafin ta kashe mota idonta ya fara sauka a kan gadar. Babu kowa a kai. Sai a lokacin ta saki numfashi.

A falo ta tarar da Verna, maƙwabciyarsu da ta bari tana zaune da shi, tana saƙa. Baba na kan babbar kujerarsa a bakin taga, bargo a gwiwa, yana kallon ruwa.

"Har kin dawo?" in ji Verna. "To, ni ma bari in fara tunanin tashi."

Kowa ya san tashin Verna. Za ta ce bari ta tashi, ta ƙara rabin kofi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ba da labarin gwiwar mijinta. Ta sa rigar sanyi ta tuno da tiren da ta aro. Ta shiga mota ta sauke gilashi. Haka ake sallama a nan, kuma wanda ya gajarta ta ya yi rashin kunya.

Renae ta ɗauko rigar Verna daga maratayi ta miƙa mata, ta buɗe ƙofa ta riƙe.

"Na gode ƙwarai, Verna. Sai gobe."

Verna ta dubi rigar, ta dubi ƙofar. "To fa," ta ce a hankali. "Wannan kuma daban ne." Ta fita tana waiwaye.

Baba ya juyo da kansa. Gefen bakinsa na hagu a karkace yake, maganarsa na fita da nauyi, amma idanun nan na nan yadda suke, shuɗi, masu kaifi.

"Kin kori baiwar Allah."

"Na kore ta."

"Akwai kofi a tukunya."

"Ba na sha."

Ta jawo kujerar cin abinci ta dasa a gabansa, tsakaninsa da taga, ta zauna har gwiwarta na taɓa tasa.

"Kin tare min ruwa," ya ce.

"Da gangan. Na sayi mai faɗin ƙofa, Baba."

Wani abu ya gifta a idonsa. "To. Ba laifi. Da kin sayi ɗayan ma daidai ne."

"Kent ya faɗa min."

"Ya faɗa miki me?"

"Abin da ka roƙe shi a asibiti. Da wanda ka maimaita ranar Kirsimeti."

Agogon bango ya ci gaba da bugawa. Baba ya shafa bargon da hannun dama, ya leƙa gefen kafaɗarta yana neman taga.

"Iskar nan in ta juya kudu, kifi zai taso bakin ciyawa."

"Ba maganar iska muke ba."

"Bana ruwan ya yi saurin..."

"Baba! Kana son ka kashe kanka. Haka ne ko ba haka ba?"

Tun da aka gina gidan nan ba a taɓa furta magana tsirara haka a cikinsa ba. Ita kanta sai da ta ji kunnenta ya yi ɗum. Tsohon ya runtse ido kamar ta mare shi.

"Kent baki gare shi," ya ce can.

"Baki? Wata nawa yana haɗiye ta har ya koma kamar sanda. Ka ɗora wa ɗanka abin da ko maƙiyi ba a ɗora wa, wai kai ba ka son zama nauyi."

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Wa zai ji, agwagi?"

"Kin bar aikinki saboda ni."

"Ni na bari. Ka tambaye ni ko ina nadama?"

"Mace da ƙuruciyarta, tana zubar da fitsarin tsoho."

"Kai wa ya zubar da nawa? Lokacin da Mama ke aikin dare a asibiti, wa ya goya ni a cikin kwale-kwale yana canza min ƙunzugu a kan akwatin ƙugiya? Kowa a garin nan ya san labarin, kai ne ma ke ba da shi kana dariya."

"Wannan daban."

"Ta ina ya bambanta?"

"Ke girma kike yi." Ya dubi hannunsa da ya shanye. "Ni fa?"

Maganar ta soke ta har ƙahon zuciya.  Ta kama hannunsa mai lafiyar ta riƙe da nata biyu.

"Ka saurare ni, don sau ɗaya zan faɗa. Gobe da safe zan kira likitanka in gaya mata komai. Fasto ma zai ji. Ka ji haushina in ka ga dama."

"Za ki tona min asiri a gari."

"Gara a yi gulmarka kana ji. Sannan ranar buɗewa za ka hau jirgin nan, za mu je wajen duwatsun, za ka jefa ƙugiyarka kamar kowace shekara. Amma da igiya. Gefe ɗaya a ƙugunka, gefe ɗaya a nawa."

Ya ɗago da sauri.

"In ka tafi, tare za mu tafi. Ka fi ni sanin sanyin ruwan watan Mayu, ka san ko ƙato ba ya daɗewa a ciki. Sai ka zaɓa."

"Ba za ki yi ba."

"'Yar wa ce ni?"

Ya daɗe yana kallonta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ya san taurin kan da ke gabansa nasa ne, shi ya ba ta. Can sai gefen bakinsa mai lafiyar ya ɗan motsa.

"Ke da ko igiyar takalmi ba ki iya ɗaurewa ba."

"Sai in koya."

"Wane ƙulli za ki yi? Irin na buhun shara?" Ya girgiza kai. "Je bayan ƙofa, akwai farar igiya a ƙusa. Kawo in nuna miki. In za a yi abu a yi shi daidai."

Zuciyarta ta yi tsalle. Ta tashi har tana tuntuɓe, ta ɗauko igiyar, ta durƙusa a gabansa. Ta zagaya ta a ƙugunsa yana gaya mata.

"Ta ƙasa. A'a, ta ƙasa na ce. Yanzu lanƙwasa bakin. Cusa lanƙwasar a nan. Ja."

Ta ja. Ƙullin ya zauna daram.

"Gwada da ƙarfi," ya ce.

Ta naɗe dogon gefen a hannu ta fizga har sai da ya ɗan zamo gaba a kujera. Ko gezau ƙullin bai yi ba. Ta fashe da dariya hawaye na zuba, irin dariyar da ta manta rabonta da ita.

"Ka gani? Kai ka ce ban iya ba."

"Ba laifi," in ji Baba. "Ba laifi ko kaɗan."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Ƙofa ta buɗe, Kent ya shigo da takalmansa, ko kakkaɓe su bai yi ba. Ya tsaya yana haki, ya dubi ƙanwarsa a durƙushe, ya dubi igiyar, ya dubi mahaifinsa.

"Na faɗa masa komai," in ji Renae. "Ranar buɗewa a ɗaure za mu fita, ni da shi. Ya yarda. Dubi, shi ma ya koya min ƙullin."

 Idon Kent na kan ƙugun Baba. Ya tako a hankali, ya tsuguna kusa da ita.

"Shi ya koya miki wannan?"

"Eh. Na ja da duk ƙarfina, bai motsa ba."

"Ta wane gefe kika ja?"

"Ta nawa mana."

Kent ya miƙa yatsu biyu, ya kama ɗan guntun bakin igiyar da ke reto daidai inda hannun daman Baba yake hutawa. Bai sa ƙarfi ba. Ya ɗan ja kawai.

Ƙullin ya warware, igiyar ta zube a kan bargo.

"Da shi yake ɗaure kwale-kwale in yana son tashi da sauri," in ji Kent, muryarsa can ƙasa.

 Baba ya juya fuskarsa ga taga.

Renae ta dubi igiyar da ke kwance. Ta so ta yi ihu, ta so ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da take ta dannewa tun bakin ruwa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tattara igiyar a nutse, ta miƙe tsaye, ta miƙa wa yayanta.

"Koya min wanda ba ya kwancewa. Nan, a gabansa."

Kent ya karɓa. Ya lanƙwasa, ya kuskure, ya warware. Ya sake lanƙwasawa, igiyar ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa.

"Bai iya ba."

Suka juyo tare. Baba bai daina kallon taga ba, amma hawaye na gangarowa ta gefen fuskarsa mai lafiyar, abin da ko ranar binne Mama ba su gani ba.

"Bai taɓa iyawa ba," ya ce. "Ƙullinsa duk na banza ne."

Ya juyo a hankali. Ya ɗaga hannun damansa daga kan bargo, ya buɗe tafin, ya miƙo wa Renae.

"Miƙo igiyar nan."